Ƙara baƙin mai alhali inji na da zafi, ba tare da ka ƙone ko ka shaƙe motar ba

Tambayar nan an sha yi min ita, musamman masu tashi daga Kawo a nan Kaduna su nufi Zariya ko Kano da rana tsaka, wai idan mutum ya tsaya a hanya ya ja geji, wato sandar awon man inji, ya ga baƙin mai ya yi ƙasa, inji kuma ya ɗau zafi rau, zai iya ƙarawa a lokacin ko dole sai ya zauna jiran motar ta huce gaba ɗaya? Eh zaka iya ƙarawa. Maganar da ake yi cewa wai mai mai sanyi zai tsaga inji idan ya taɓa ƙarfe mai zafi, wannan da ruwa take, ba da baƙin mai ba, rabin lita ko lita ɗaya da zaka zuba gangarawa zai yi ya haɗu da sauran lita uku da wani abu da ke ƙasa ya ɗau zafinsu shikenan, balle ma galan ɗin da ya wuni a but ɗin mota a watan Afrilu a garin nan, ina ya ga wani sanyi. Matsalar ba ta injin ba ce, taka ce kai mai zubawa, kuma kashi biyu ce: ko ka ƙona hannu, ko geji ya yaudare ka ka zuba fiye da kima. Na biyun ya taɓa samu na, shi ya sa zan fi daɗewa a kansa.

Wata tsohuwar Corolla ce nake da ita a lokacin, dama na san tana ɗan shan mai, sai na tsaya sallar azahar bayan an wuce Maraban Jos, na yi fakin a gefen titi inda ƙasa ta karkace, tayoyin gefe ɗaya a kan kwalta na ɗaya gefen a cikin kwari, ina kashe mota ko minti ɗaya ba a yi ba na ɗaga bonet na zaro geji, na ga mai can ƙasa ko ɗigon farko bai kai ba. Gabana ya faɗi. Na ɗauko ragowar galan ɗin juye na kafa masa baki na tuttula kusan lita biyu, ban sake dubawa ba na rufe na yi salla na kama hanya. Kafin in kai Jaji wani mai tifa ya dinga min hon yana nuna bayana, ina duba madubi na ga hayaƙi shuɗi-shuɗi kamar an kunna yayi. Bakaniken da ya duba min ya ja geji ya ɗaga shi sama ya kalle ni ya ce "Yallaɓai ai shaƙe ta ka yi, wannan ko tirela ce ai ta ƙoshi." Sai da ya shiga ƙasa ya sassauta notin juye ya rage fiye da lita ɗaya. Ashe tun farko abin da motar ke nema bai wuce rabin lita ba.

To bari mu bi abin daga farko.

Kafin komai, kalli dashbod tun kafin ka kashe mota, domin shi zai gaya maka wace irin matsala kake ciki. Idan allurar zafi tana inda ta saba, tsakiya ko ƙasa da tsakiya kaɗan, to zafin aiki ne na yau da kullum, shi ne wanda muke magana a kai. Idan kuwa allura ta haura ta taɓa ja, ko tururi na fita ta gaban mota, ko kana jin ruwa na ɓararraka a ciki kamar tukunya, wannan obahitin ne, wani babi ne daban, baƙin mai ba zai magance shi ba, ka kashe mota ka bar ta ta huce aƙalla rabin awa ko fiye, kuma kar ma ka ɗaga bonet muddin tururi na fita. Sai kuma jar fitilar nan mai kamar butar shayi da ɗigo a bakinta. Mutane da yawa sun ɗauka cewa take yi mai ya ragu, a'a, cewa take yi ƙarfin turin man ya faɗi, wato man ba ya isa inda ya kamata ya isa, kuma idan ta kawo kana tafiya ba a cewa bari in ƙarasa gidan mai na gaba, nan take ake sauka gefe a kashe, don 'yan mintuna kaɗan sun isa inji ya buga. Wasu motocin suna da wata fitila ruwan ɗorawa daban, ita ce ta raguwar mai, wannan tana ba ka sarari ka nemi wuri mai kyau.

Wurin tsayawa kuma ba ƙaramin abu ba ne, nan na fara kuskure. Nemi fili shimfiɗaɗɗe, harabar gidan mai ta fi ko'ina saboda daɓen siminti ne kuma a miƙe yake. Man yana kwance ne a kaskon da ke ƙasan inji wanda bakanikai ke kira botom filet, geji kuma ta gefe ɗaya yake shiga, kaga idan mota ta karkata man zai tattaru gefe guda kamar miya a karkataccen kwano, geji ya nuna maka ƙarya, ko ya ce ya cika alhali babu ko ya ce babu alhali akwai. Sa giya a fakin in otomatik ce, ja hambirki, in a bakin babban titi ne irin hanyar Abuja ko bayifas ka kunna fitilun haɗari ka ajiye si-koshin, alamar gargaɗin nan mai kusurwa uku, a baya da ɗan nisa. Ka kashe mota ka zare makulli ka sa a aljihu, in mai dannawa ce ka tabbatar ta mutu gaba ɗaya dashbod ya yi duhu. Ba a ƙara mai inji na aiki, ko da ka taɓa ganin wani ya yi a tasha, man zai dinga fantsamowa ta bakin murfi da zafinsa, ga fambel na juyawa kusa da hannunka.

Sai jira. Minti 10 ne mafi ƙaranci a wajena, in ka yi doguwar tafiya irin daga Abuja ka shigo ta Kakau, ka ba ta 15 ko 20. Dalili biyu ne. Na farko lokacin da inji ke aiki famfon mai yana tura man sama ko'ina, tof silinda, filta, duk 'yan hanyoyin ciki, idan ka kashe sai ya ɗau mintuna kafin ya tsiyaye ya koma ƙasa, wanda ya ja geji nan take zai ga ƙasa da abin da ke akwai. Na biyu zafi. Man injin da ya yi tafiya yana kaiwa digiri 90 zuwa 110, wato kusan tafasasshen ruwa ko fiye, kuma ka san mai ba kamar ruwa ba ne, in ya taɓa fata mannewa yake. Bututun hayaƙi da ke fitowa daga jikin inji kuwa, manifol, shi nasa zafin ɗaruruwan digiri ne. Ka ɗaga bonet ka tokare shi da sandarsa iska ta shiga, ita ma sandar da tsumma zaka kama ta don wani lokaci ta fi komai cizo, sannan ka je ka yi alwala ko ka sha fiyawata, kafin ka dawo lokaci ya yi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne kaya. Mu nan da babbar riga muke tuƙi, da kaftani mai faɗin hannu, mata da hijabi har ƙasa. Fankar lagireto a yawancin motocin yanzu ta lantarki ce, kuma a wasu motocin tana iya tashi da kanta ko an kashe mota in zafi ya yi yawa, ba sallama ba gargaɗi. Cire babbar rigar, naɗe hannun riga, agogo na ƙarfe da carbi da katin aiki mai igiya a wuya duk a ajiye su a kujera, hajiya kuma a tattare hijabi a maida shi baya a soke. Yara su tsaya nesa, don su komai sai sun leƙa.

Kuma don Allah, murfin lagireto ba ruwanka da shi. Ko kallonsa kar ka cika yi. Ruwan ciki a matse yake, shi ya sa yake wuce digiri 100 bai tafasa ba, kana sassauta murfin matsin zai tafi ruwan ya tafasa lokaci guda ya yi tsiri ya watso maka a fuska da ƙirji. Sau da yawa ƙunar da ake yi a gaban mota daga nan take, ba daga baƙin mai ba.

Yanzu geji. Nemi mariƙinsa, yawanci zobe ne ruwan ɗorawa ko ruwan lemo. A motocin otomatik na da akwai geji na biyu na man giya, sau da yawa mariƙinsa ja ne kuma man da ke jikinsa ja-ja ne, kar ka rikita su. Zaro na inji, goge shi tas da tsumma mai tsabta ko tishu, jan farko ba a karanta shi domin man da ya fantsama a bututu ya shafe shi. Maida shi har ƙarshe sai ya zauna, ƙirga uku, sake zarowa, riƙe shi a kwance ko kansa na kallon ƙasa kaɗan, kar ka ɗaga kan sama man ya gangaro ya ƙara maka tsawo. Zaka ga alama biyu, ko ɗigo biyu, ko ramuka biyu, ko L da F, ko wani wuri mai zane-zane kamar raga. Duba duka fuskokin biyu na gejin, wanda ya nuna ƙasa shi ne gaskiya. Man da ke da zafi yana tsinkewa ya yi ruwa-ruwa, in sabo ne ma da ƙyar ake ganinsa a rana, sai ka juya gejin ka ga inda ƙyalli ya tsaya, ko ka kwantar da shi a kan farin tishu ka ga inda ya jiƙa.

Ga lissafin da da na san shi a Maraban Jos da ban sha wahala ba: a yawancin ƙananan motoci, tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita ɗaya ne kacal. Duka injin irin na Corolla ko Civic kusan lita 4 yake ci in an yi juye. Kenan in man yana tsakiya, ba ka buƙatar komai, tafi abinka, ko in kana so ka ɗan ƙara rubu'in lita. In yana daidai kan alamar ƙasa, rabin lita zaka fara da shi. In gejin ya fito a bushe ƙayau ba ko ɗigo, to an wuce lita ɗaya, zuba lita guda ka jira ka duba, kuma ka sa a ranka motar nan tana da inda take zubarwa ko tana ƙonawa. Tunda inji na da zafi man ya ɗan kumbura, saboda haka ni ba na neman ya taɓa alamar sama cif, in ya kai kashi uku cikin huɗu na tsakanin alamun biyu na tsaya.

Tunda gejin na hannunka, ka kalli man da kansa. Baƙi ba laifi ba ne, aikinsa ke nan kwashe datti, na dizal ma kwana biyu da juye ya koma baƙi ƙirin. Amma in ka ga ya yi kalar shayi mai madara, ko ka ga wani abu kamar kitso-kitson man shanu a ƙarƙashin murfi da yawa, ruwa ne ke shiga, yawanci tof gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, ƙari ba zai yi amfani ba sai gareji. In ka murza a yatsa, bayan ya huce fa, ka ji tsakuwa-tsakuwa ko ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe, shi ma ba labari mai daɗi ba ne. In yana warin fetur sosai kuma ya haura maimakon ya ragu, fetur ne ke gangarawa ciki.

Wane mai zaka zuba? Wanda aka yi juye da shi, in kana da ragowa, shi ya sa nake cewa kar ka bar wa yaran gareji ragowar galan ɗinka, sa shi a but a tsaye cikin leda. In babu, duba saman murfin man, motoci da yawa an rubuta lambar kaurin man a kai, 5W-30 ko 0W-20 ko 5W-20, ko ka duba littafin mota in tokumbo ɗin ta zo da shi. Nan garin kowa 20W-50 ake ɗura masa da hujjar wai ƙasarmu da zafi, wannan ya yi daidai da zamanin Fijo 504 da 505 da ake haɗawa a Kakuri da sauran tsofaffin injina, amma injin zamani hanyoyin mansa sirara ne, mai kauri yana wahalar da shi musamman da sassafe lokacin hunturu. Sai dai in kana tsakiyar hanya ne mai ya yi ƙasa kuma abin da ke akwai ke nan, zuba, man inji daban-daban suna haɗuwa ba sa tsinkewa, kuma mai wanda lambarsa ba ta yi daidai ba ya fi babu nesa ba kusa ba, in ka isa gida ka matso da ranar juye. Abin da ban yarda da shi ba shi ne na awo da ake sayarwa a robar ruwa a bakin titi, ba ka san daga wace mota aka tsiyayo shi aka tace ba. Sayi na lita ɗaya a rufe, ka duba hatimin murfin da idonka bai taɓa buɗuwa ba. Kuma ka karanta jikin robar, man giya da man birki da na sitiyari duk ana jera su a kanta ɗaya, a gaggauce ana ɗaukar wani a maimakon wani.

Buɗe murfin. Yana saman inji, akwai hoton butar nan a kai ko rubutun mai. Ninka tsumma biyu ko uku ka ɗora a kai, juya hagu a hankali, fuskarka a gefe, zaka ga ɗan hayaƙi ko tururi ya fito, wannan ba komai. Kafin ka cire shi ka goge ƙurar da ta taru a kewayen bakin, lokacin hunturu ƙurar Kaduna ba ta da kunya, duk abin da ya faɗa ramin nan cikin inji ya tafi. Murfin kuma kar ka ɗora shi a kan inji ko gefen batir, zai zame ya faɗa can ƙasa inda hannu ba ya shiga ga zafi, ni a kan makullin bonet nake ajiye shi, wurin da bonet ke kamawa, ta yadda ko na manta bonet ba zai rufu ba.

Mazurari ya zama dole in inji na da zafi. In babu, yanke kan robar ruwa busasshiya, busasshiya fa ba mai ɗigon ruwa ba, ka kifa bakinta a ramin. Kewaye shi da tsumma. Galan mai lita 4 ko 5 yana da nauyi kuma yana yin gudum-gudum yana fantsama, ka riƙe shi ta gefensa a kwance, man zai fito a miƙe, ko ka fara aunawa a ƙaramar roba. Yawancin robobin suna da layi a gefe mai nuna adadin da ya rage, kalli inda yake kafin ka fara. Zuba siriri a hankali, wasu injinan akwai farantin ƙarfe a ƙasan ramin da ke hana man wucewa da sauri, in ka yi gaggawa zai cika ya tumbatso. Zuba rubu'i ko rabin lita ka tsaya. Jira minti biyu zuwa uku ya sauka, goge geji, duba, in da saura ka ƙara kaɗan. Ƙari abu ne na minti biyu, ragewa kuwa sai an shiga ƙarƙashin mota da sifana ko an zuƙe da siririn tiyo.

Abin da ya sa cikawa ke da illa, karanshaf, wato babban ƙarfen da fistin ke juyawa, yana juyawa ne a saman man da ke kasko, in man ya haura sai ya dinga bugunsa kamar ana kaɗa kuka da maburgi, ya yi kumfa, famfo ya dinga tura iska maimakon mai, sannan ya matsa wa oyil sil, robar da ke tare mai, ya fara yoyo, wani ya bi ta hanyar iska ya shiga ya ƙone, fulogi ya jiƙe, ga hayaƙi, har abin nan na cikin salansa da bakanikai ke kira indomi yana iya lalatawa, kuma kowa ya san kuɗinsa yanzu. In ya ɗan wuce alamar sama da kamar kaurin ashana biyu ba abin tada hankali ba ne, in ya wuce da faɗin yatsa ko fiye a rage kafin a yi nisa.

In mai ya zube a jikin inji, goge iya wanda hannunka zai kai da tsumma ba tare da ka taɓa ƙarfe ba. Wanda ya zuba a kan manifol zai yi hayaƙi da ƙauri, ɗan kaɗan ne zai ƙone ya wuce, amma in da yawa ne kar ka tada mota sai ta huce ka goge, don yana iya kamawa. In har wuta ta kama, ba a watsa wa wutar mai ruwa, abin kashe gobarar nan da muke ajiyewa don tsoron 'yan rod sefti ranar amfaninsa ke nan, in babu shi yashi ko ƙasa. In kuma kai ne ka ƙone, sa wurin a ruwa mai sanyi yana zuba na kimanin minti 20, fiyawata ma ya yi a dinga fasawa ana zubawa, banda ƙanƙara, banda man goge baki, banda ɗanyen ƙwai da manja, banda shi kansa baƙin man da wasu ke shafawa a gareji wai yana hana tashi, ƙara riƙe zafin yake ya kawo datti. Cire zobe tun kafin yatsa ya kumbura, in ƙunar na da faɗi ko a fuska take a wuce asibiti.

Ka gama, maida murfi ka juya sai ya tsaya ko ya yi ƙas, tura geji har ƙasa, kwashe tsumma da mazurari da duk abin da ka ajiye, ƙirga su in ta kama, tsumman da aka manta a kan inji ya ƙona motoci ba ɗaya ba. Tada mota ka kalli jar butar, ya kamata ta mutu cikin daƙiƙu kaɗan. In ta ƙi mutuwa alhali geji ya nuna mai ya isa, kashe nan take kar ka ce bari in gwada, ko famfon ne ko na'urar fitilar ce, kuma ba a gane wanne ne da tuƙi, a kira bakanike ko a ja ta. In ta mutu, bar ta ta yi aiki minti ɗaya ka durƙusa ka leƙa ƙasa ko akwai ɗiga, wajen filta da notin juye su ne farkon zargi musamman in kwanan nan aka yi sabis.

Masu sababbin Marsandi da BMW da wasunsu zaku iya neman geji ku rasa, ba ɓata ya yi ba, babu shi ne, a allon dashbod ake dubawa, kuma su ma sai mota na kan fili shimfiɗaɗɗe inji ya ɗau ɗumi, allon ne zai faɗi adadin da za a ƙara, kuma bayan ka zuba ba nan take yake canzawa ba, kar ka ga bai motsa ba ka sake tuttulawa. Mota mai turbo kuma in ka fito daga gudu ka bar ta a silo, inji na aiki tana tsaye, minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe.

Sai ka rubuta lambar kilomita da adadin da ka zuba, ko a waya ko a takardar sabis da ake rataya maka. Washegari da safe kafin ka tada ta, a ƙofar gida in wurin a miƙe yake, ka sake jan geji da sanyi, wannan karatun shi ne na gaskiya, ka kuma kalli ƙasan inda ta kwana ko ta bar tabo. In ka ga kana ƙara lita guda duk bayan kilomita dubu ɗaya ko ƙasa da haka, kamar zuwa Kano da dawowa sau biyu kenan, to ka kai ta Panteka ko wajen bakanikenka a duba tof koba da oyil sil da ringi, ka tafi da takardar da ka rubuta don ita zai fara tambayarka, tun yaushe take sha kuma nawa.